Hujjar da Ta Fito Daga Cikin Duwatsu

Duk inda aka ambaci sunan Charles Darwin a majalisar masu karatu, abin da kan fara faɗo wa mutane a rai shi ne zancen biri da ɗan Adam, da gardamar nan da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tun fitowar littafinsa a 1859, har aka ɗauka cewa wannan Baturen Ingila ya tashi ne tun ƙuruciyarsa yana bin dabbobi da tsuntsaye don ya ƙulla musu nasaba. Alhali kuwa saurayin da ya tashi a jirgin ruwan nan mai suna Beagle ran 27 ga watan Disamba na 1831, ya yi kusan shekara biyar yana kewaya duniya, guduma ce babban kayan aikinsa, abin da ya rubuta a kan duwatsu a tafiyar ya ninka abin da ya rubuta a kan dabbobi kusan sau huɗu, kuma bayan komowarsa gida ya riƙe muƙamin magatakardan ƙungiyar masana duwatsu ta Landan daga 1838 zuwa 1841, ya wallafa littattafai uku a kan ginin ƙasa a 1842 da 1844 da 1846. Abin da nake so in tabbatar a wannan sharhi shi ne, ra'ayin juyin halitta, watau cewa jinsunan masu rai suna sakewa sannu a hankali, wani yana fitowa daga tsatson wani, hanyar kafa hujja ce ta masana duwatsu aka ɗauko aka ɗora wa masu rai. Kuma abin mamaki, mutanen da suka gina rukunan wannan hujja kusan dukansu masu inkarin ra'ayin ne. Ba hukuncin aƙida nake nufin yankewa ba, wannan fage ne mai malamansa. Tarihin hujja kaɗai nake bi, daga inda ta taso zuwa inda ta kai.

Tambayar farko daɗaɗɗiya ce: me ya kai katantanwa da ƙumbar teku bisa tudu, nesa da kowane ruwan gishiri? Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya tattauna wannan a cikin Kitab al-Shifa, inda ya bayyana cewa laka kan sandare ta zama dutse, girgizar ƙasa kan ɗaga tudu, ruwa da iska kan sassaƙe shi, kuma hawa-hawan da ake gani a jikin wasu duwatsu alama ce ta teku da ta yi ta zuwa tana janyewa. Al-Biruni kuwa, a littafinsa na ƙasar Hindu wajen 1030, ya lura cewa duwatsun da ake tonowa kusa da tsaunuka manya ne, suna ƙanƙancewa gwargwadon nisansu, har su zama rairayi a bakin teku, sai ya yanke cewa filin nan teku ne a dā, koguna suka cike shi da abin da suke ɗaukowa. Waɗannan malamai ba su yi zancen sakewar jinsuna ba, kada a jingina musu abin da ba su faɗa ba. Amma sun ga abin da kowa zai iya gani har yau a farin dutsen Kalambaina da ake haƙa kusa da Sakkwato don yin siminti, wanda ke cike da ɓawon halittun teku. A Turai, Nicolas Steno, likita ɗan ƙasar Danmak wanda daga baya ya zama babban limamin coci, shi ne ya mai da irin wannan lura ƙa'ida a 1669, bayan ya feɗe kan wani ƙaton kifi mai haƙora da masunta suka kama a gaɓar Italiya a 1666, ya ga haƙoransa daidai suke da wasu duwatsu masu siffar harshe da ake tsinta a kan tudu. Ƙa'idarsa ita ce wadda kowane mai haƙar rijiya ya sani da hannunsa ko da bai taɓa furta ta ba, watau shimfiɗar da ke ƙasa ta riga wadda ke bisanta kwanciya, saboda haka duk wanda ya nutsa cikin ƙasa, baya yake komawa cikin zamani.

Sai dai sanin wanda ya riga wani ba ya nuna tsawon abin da ke tsakaninsu. A 1650 James Ussher, babban limamin coci a Ailan, ya ƙididdige nasabobin da ke cikin Baibul ya fitar da cewa an halicci duniya shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, aka dinga buga wannan adadi a gefen shafin Baibul na Ingilishi har jama'a suka ɗauke shi tamkar nassi, ko da yake ijtihadin mutum ɗaya ne. Buffon na Faransa ya gasa dunƙulen ƙarfe ya auna jinkirin hucewarsu, ya ce a 1778 duniya ta kai wajen shekara 75,000. Amma wanda ya rushe iyakar baki ɗaya shi ne James Hutton, mutumin Sikotilan, wanda ya karanta likitanci sa'an nan ya koma noma, ya ga ruwan sama yana kwashe masa ƙasar gona yana kai ta kogi, ya tambayi kansa yadda Mahalicci mai hikima zai bar tudu yana zaizayewa ba tare da ya tanadi hanyar sabunta shi ba. Amsarsa, wadda ya karanta a gaban masana a Edinbara a 1785, ita ce abin da koguna ke zubawa a teku yana kwanciya ya zama dutse, zafin cikin ƙasa ya ɗaga shi ya zama sabon tudu, zaizaya ta sake kama shi, haka al'amarin ke kewayawa. A 1788 ya kai abokansa John Playfair da James Hall wani bakin teku da ake kira Siccar Point, ya nuna musu shimfiɗun dutse a tsaye, an share kawunansu, an kwantar da jan dutsen rairayi a bisansu. Ya karanta musu abin da wannan ke nufi, cewa na ƙasan sun kwanta a gindin wata teku, an karkatar da su, an ɗaga su, an zaizaye su, an sake nutsar da su, wata tekun ta shimfiɗa nata, sa'an nan aka sake ɗaga duka, kuma kowane mataki a cikin waɗannan, idan da irin saurin da muke gani yau ya auku, ya wuce duk tarihin da ɗan Adam ya rubuta.

A nan ne ginshiƙin al'amarin yake, kuma ɗalibin da ya zauna gaban malamin usulu ko na tauhidi ba zai ji shi baƙo ba, domin ƙiyasi ne na abin da ke fake bisa abin da ke bayyane. Asali shi ne abin da ido ke gani yau, kogi yana cin gaɓarsa, teku tana tara laka. Reshe shi ne kwazazzabo mai zurfi da tsauni mai tsawo waɗanda ba wanda ya halarci yinsu. Illar da ta haɗa su ita ce sababi ɗaya ne ke aiki jiya da yau. Hukuncin kuwa shi ne ƙaramin sababi, idan aka ba shi zamani mai tsawo, yana haifar da babban musabbabi. Duk wanda ya yarda da wannan ƙiyasi ya yarda da sharaɗinsa, watau yalwar lokaci wadda hankali ba ya iya kewaye ta.

Rukuni na biyu daga wata hanya dabam ya zo. William Smith, ɗan maƙeri wanda bai yi makaranta mai zurfi ba, yana aikin awon magudanan ruwa da ake haƙa wa jiragen dakon kwal a Ingila, ya lura cewa kowace shimfiɗa tana da irin burbushin halittun da suka keɓanta da ita, kuma jerinsu ba ya saɓawa duk inda aka haƙa, har ya iya zana taswirar duwatsun Ingila da Wales a 1815 da wannan ma'auni. A Faris kuwa Georges Cuvier, wanda ba a yi kamarsa ba a zamaninsa wajen sanin ƙirar ƙasusuwa, ya kwatanta muƙamuƙi da haƙoran giwar Afirka da ta Hindu da na wata giwa da ake tono ƙasusuwanta a Saiberiya, ya tabbatar a 1796 cewa jinsi uku ne mabambanta, kuma na ukun ya ƙare daga bayan ƙasa. Wannan magana ta yi wa mutanen zamanin nauyi, domin da yawansu suna ganin ƙarewar wani jinsi tawaya ce ga kamalar halitta, suna cewa watakila dabbar tana ɓoye a wani dajin da ba a shiga ba. Amma giwa ba ta ɓuya. Cuvier da abokin aikinsa Alexandre Brongniart suka bi shimfiɗun da ke ƙarƙashin Faris, suka tarar da na ruwan gishiri da na ruwan daɗi suna musanya, kowace da dabbobinta, sai Cuvier ya yanke cewa duniya ta sha juye-juye na farat ɗaya, teku ta mamaye tudu ta hallaka abin da ke kai, wasu halittun suka maye gurbi.

A gidan ajiyar kayan halitta ɗaya da Cuvier akwai Lamarck, wanda ya yi shekaru yana nazarin katantanwar da ake haƙowa a kewayen Faris, ya fitar da akasin wannan a littafinsa na 1809: a ganinsa jinsuna ba su ƙarewa, sakewa suke yi har a kasa gane su. Da aka kawo gawawwakin kyanwoyi da tsuntsaye waɗanda Misirawan dā suka busar suka adana, daga yaƙin da Napoleon ya kai Masar a 1798, Cuvier ya auna su ya ga ba su bambanta da na yau ba, ya ce ga hujja jinsi ba ya sakewa. Lamarck ya amsa da cewa shekara dubu biyu ko uku, a ƙasar da yanayinta bai canja ba, ba kome ba ne a ma'aunin duniya. Kowa ya ga cewa jayayyar tasu ta koma kan tambaya ɗaya, nawa ne tsawon zamanin, kuma masu amsa wannan tambaya masana duwatsu ne. Cuvier ya rinjaya a lokacin, aka yi ta yi wa Lamarck dariya har ya mutu makaho a 1829. A shekarun da suka biyo baya aka jera zamunan ƙasa aka raɗa musu sunayen da ake amfani da su har yau: Adam Sedgwick, limamin coci kuma shehun malami a Kembirij, da Roderick Murchison suka bayyana tsofaffin shimfiɗun Wales a 1835, John Phillips kuwa, wanda William Smith kawunsa ne, ya kasa tarihin masu rai gida uku a 1841, na dā da na tsakiya da na baya-bayan nan. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan da kyau: an gama kafa tsufan duniya da jerin halittunta tun Darwin bai buga kalma ɗaya a kan jinsuna ba, kuma waɗanda suka kafa su, da suka ji ra'ayinsa, ƙin sa suka yi. Saboda haka zargin da wasu kan yi, cewa an ƙirƙiro miliyoyin shekaru ne don a sama wa Darwin wurin tsayawa, ya juya tarihi a bai-bai.

Charles Lyell, lauya ne da ya bar kotu ya koma duwatsu, bai kuwa bar halin lauya ba wajen tsara ƙara. A littafinsa na ƙa'idodin ilmin duwatsu, juzu'i uku tsakanin 1830 da 1833, ya ɗauki ƙiyasin Hutton ya tsananta shi, ya ce ba a halatta wa masani ya kira wani sababi da ba a ganin irinsa yau ba, ko wani ƙarfi da ya fi na yau. Hoton da ya sa a farkon littafin na wasu ginshiƙai uku ne na ginin Rumawa a Pozzuoli, kusa da Naples, waɗanda ƙumbar teku ta huda tsakiyarsu, shaidar cewa ƙasar wurin ta nutse da su cikin ruwa ta sake ɗagowa, a hankali ƙwarai har ba su faɗi ba. Amma tsananin riƙonsa ga daidaiton jiya da yau ya kai shi ga musanta cewa tarihin masu rai yana da alƙibla. Ya ce rashin ganin dabbobi masu shayarwa da yawa a tsofaffin shimfiɗu ƙarancin bincike ne, har ya yi zaton manyan dabbobin nan masu kama da kada da suka shuɗe za su iya dawowa idan yanayinsu ya dawo. A juzu'i na biyu, na 1832, ya zayyana ra'ayin Lamarck dalla-dalla don ya rushe shi, ya bayyana yadda jinsuna ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya saboda sauyin yanayi da cunkoson neman abinci, amma da ya iso ga tambayar yadda sababbi ke zuwa su maye gurbinsu, sai ya yi shiru. Ga yadda gadon ya kasu ke nan: wajen Cuvier da mabiyansa akwai tarihi mai tafiya gaba amma da tsalle-tsalle, wajen Lyell akwai tafiya sannu a hankali amma ba inda ta nufa. Kowannensu yana riƙe da rabin hujja, yana kuma amfani da rabinsa don ya ƙaryata juyin halitta.

Darwin ya shiga jirgi da horon makonni kaɗan da ya samu wajen Sedgwick a duwatsun arewacin Wales a watan Agusta na 1831, da juzu'in farko na Lyell wanda kyaftin ɗin jirgin, Robert FitzRoy, ya ba shi. A zangonsu na farko, tsibirin Santiyago na Kef Bade, a watan Janairu na 1832, ya ga wani farin layi na ɓawon halittun teku ya miƙe a jikin gaɓa kamar ƙafa 45 bisa ruwa, tsakanin shimfiɗu biyu na dutsen aman wuta, ɓawon kuwa irin wanda ke bakin tekun har lokacin. Ya karanta shi da idon Lyell, ya ga ya karantu. A watan Satumba na shekarar, a Punta Alta ta gaɓar Ajantina, ya haƙo ƙasusuwan manyan dabbobi da suka ƙare, tare da ɓawon sulke irin na wata ƙaramar dabba da ake kira amadilo wadda ke yawo a filin har ana gasa ta a ci. Ran 20 ga Fabrairu 1835 girgizar ƙasa ta same shi a Valdivia ta ƙasar Cile, ya je ya ga birnin Concepción a rushe, FitzRoy kuma ya tarar da ƙumba tana ruɓewa manne da duwatsu a tsibirin Santa Mariya, ƙafa goma bisa iyakar cikar teku. Wata guda bayan haka ya hau tsaunukan Andis ya tsinci ɓawon halittun teku a tsawon da ya haura ƙafa 13,000, ya kuma ga kututturan itatuwa a tsaye sun zama dutse. Lissafin bai yi masa wuya ba: wanda ya ga ƙasa ta ɗagu ƙafa goma a yini ɗaya, ba ya bukatar wani sababi na dabam don ya fahimci dubu goma sha uku, maimaici kawai yake bukata, da zamani.

Daga wannan tunani ne ya fitar da bayaninsa a kan tsibiran murjani, wanda a ganina shi ne gwajin farko na hujjar da zai kafa daga baya a kan jinsuna. Ƙwayoyin da ke gina murjani ba su rayuwa sai a ruwa marar zurfi, amma ga zobban murjani a tsakiyar teku mai zurfin gaske. Darwin ya ce idan wani yanki na ƙasa yana ɗaguwa, lalle wani yana nutsewa. Tsibiri mai aman wuta yana sauka a hankali, murjanin da ya kewaye shi yana ƙara gini sama, har tsibirin ya ɓace zoben ya saura. Siffofi uku da matafiya ke gani warwatse a teku, murjani manne da gaɓa, da murjani mai tazara da gaɓa, da zobe ba tsibiri, sai ya jera su ya ce matakai ne na abu ɗaya, kowanne an riske shi a wani matsayi na tafiyarsa. Lyell, wanda a dā yake ganin zobban bakunan duwatsun aman wuta ne da ruwa ya rufe, ya bar ra'ayinsa ya karɓi na saurayin da murna; a 1952 kuma aka haƙa tsibirin Enewetak a tekun Fasifik, aka ratsa fiye da ƙafa 4,000 na murjani kafin a taɓa dutsen aman wuta a gindinsa. Wanda ya koyi jera abubuwan da ke zaune tare a wuri ya karanta su a matsayin matakan zamani, ba zai daɗe ba zai dubi ƙaramin bambanci tsakanin tsuntsayen tsibiri biyu, da babban bambanci tsakanin jinsi biyu, ya tambayi kansa ko su ma matakai ne.

Haka kuwa aka yi. Da Darwin ya komo a watan Oktoba na 1836, Richard Owen ya duba ƙasusuwan ya tabbatar cewa da yawansu dangin dabbobin da ke Amurka ta Kudu ne har yau, sai dai girma; John Gould ya duba tsuntsayen tsibiran Galapagos a farkon 1837 ya ce jinsuna ne masu zaman kansu, ko da yake ƙirarsu ta Amurka ce. A nan ma dutse ne ya ba da shaidar da ta yanke magana, domin Galapagos tsibiran aman wuta ne, sababbi a ma'aunin ƙasa, da suka fito daga teku ba kome a kansu, kuma ƙasarsu ta yi kama da ta Kef Bade ƙwarai. Da a ce yanayin wuri ne ke ƙayyade abin da ke zaune a cikinsa, da mazaunan wuraren biyu sun yi kama, amma na Kef Bade Afirka suka ɗauko, na Galapagos kuwa Amurka. A watan Yuli na 1837 Darwin ya buɗe littafin sirrinsa na farko a kan sakewar jinsuna, a watan Satumba na 1838 kuma ya karanta littafin Malthus a kan yadda haihuwa ke rinjayar abinci, sai ya sami abin da ƙiyasin Lyell ke nema, watau sababi ƙarami mai aiki yau a gaban ido: 'ya'ya ba su zama daidai da iyaye, ana haifar fiye da abin da zai rayu, wanda ya ɗan fi dacewa da wurinsa shi ya fi barin zuriya. Ya tara wannan bisa zamanin Hutton, ya fassara jerin Cuvier da Smith da shi. Shi da kansa ya faɗa a wata wasiƙa ta 1844 cewa yana jin rabin littattafansa daga ƙwaƙwalwar Lyell suka fito. Kuma ba shi kaɗai wannan hanya ta kai can ba: Alfred Russel Wallace, wanda shi ma ya sha karatun Lyell, ya rubuta daga Sarawak a 1855 cewa kowane jinsi yana bayyana ne a wuri da zamanin da wani makusancinsa ya riga shi, kuma da ya aiko wa Darwin cikakken ra'ayinsa a 1858, roƙonsa shi ne a miƙa wa Lyell. Mutum biyu da suka bi malami ɗaya suka isa matsaya ɗaya ba tare da shawara ba, wannan dalili ne mai ƙarfi cewa matsayar tana kwance a cikin karatun tun farko.

To, amma wanda ya ci gado shi ke biyan bashin mamaci. Bashi na farko shi ne, idan sakewa a hankali take, ina tsaka-tsakin halittu a cikin duwatsu? Darwin ya keɓe babi guda na littafinsa na 1859 ga wannan, ya ari uzurin Lyell cewa shimfiɗun ƙasa tarihi ne da mafi yawan shafukansa suka ɓata, ya kuma amsa a fili cewa bayyanar dabbobi masu yawa farat ɗaya a mafi tsufan shimfiɗu masu burbushi matsala ce da bai iya warwarewa ba. Masana duwatsu, su Sedgwick da Phillips, ta nan suka fi kama shi, kuma ba a kan son zuciya kaɗai ba. An sami sauƙi a 1861 da aka tono wata halitta a Solnhofen ta Jamus mai gashin tsuntsu da doguwar wutsiyar ƙashi irin ta ƙadangare, amma burbushin da suka riga mafi tsufan shimfiɗun nan ba a tabbatar da su ba sai a ƙarni na ashirin. Bashi na biyu lokaci ne. Darwin ya ƙiyasta cewa zaizayar wani yanki na kudancin Ingila da ake kira Weald ta ci shekara miliyan 300 da 'yan kai, aka yi masa ca, ya cire lissafin daga bugu na uku a 1861, kuma daidai ya yi, domin duwatsun wurin ba su kai rabin wannan ba. Sa'an nan William Thomson, wanda aka fi sani da Lord Kelvin, ya zo da lissafin hucewar duniya a 1862 ya ce shekarunta wajen miliyan 100 ne, daga baya a 1897 ya rage su zuwa tsakanin miliyan 20 da 40. Darwin ya rasu a 1882 wannan ƙalubale yana nan tsaye, iyakar amsarsa ita ce ba a san cikin ƙasa sanin da zai isa a yanke hukunci ba. John Perry ya nuna a 1895 cewa idan cikin ƙasa yana motsi lissafin ya rushe. Aka gano a 1903 cewa rediyam yana fitar da zafi da kansa. Aka koyi auna shekarun dutse da yadda yuraniyam ke rikiɗa ya zama darma. Arthur Holmes ya kai adadin miliyan 1,600 a 1913, Clair Patterson kuma ya tsayar da shi a miliyan 4,550 a 1956.

Akwai bashi na uku wanda ba a cika faɗa ba, shi ne wuce iyaka a riƙon sannu a hankali. Lyell ya cakuɗa abu biyu, ɗaya wajibi ga kowane mai bincike, watau ƙa'idodin ɗabi'a ba su canjawa, ɗayan kuwa da'awa ce mai bukatar hujja, watau saurin al'amura bai taɓa wuce na yau ba. Darwin ya karɓi duka biyun a dunƙule. Son da yake yi wa ɗaguwar ƙasa ya sa a 1839 ya ce wasu layuka da ke jikin tsaunukan Glen Roy a Sikotilan tsofaffin gaɓoɓin teku ne, alhali gaɓoɓin tafki ne da ƙanƙara ta datse, ya kuwa amsa kuskurensa daga baya. A 1980 Luis Alvarez da ɗansa Walter da abokan aikinsu suka kawo shaida daga wata siririyar shimfiɗar laka cewa wani dutse daga sama ya faɗo wa duniya, kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce bisa awon yau, a daidai lokacin da manyan dabbobin zamanin tsakiya suka ƙare. Cuvier, wanda aka yi shekara ɗari da hamsin ana ba da labarinsa a matsayin wanda aka kayar, ya sami wani kaso na gaskiyarsa, kuma ilmin duwatsun da ya ba Darwin hujja shi ne ya gyara masa ita.

Malaman usulu sun yi saɓani a kan ko abin da maganar mutum ta lizimta ana ƙidaya shi cikin mazhabarsa, mafi yawansu suka ce ba a ƙidayawa sai in ya yarda da shi. Wannan adalci ne ga mai magana, amma ba ya hana maganar isa inda ta nufa. Lyell ya ga inda tasa ta nufa tun 1855, lokacin da maƙalar Wallace ta sa ya buɗe littattafan tunani a kan jinsuna. Shi ya matsa wa Darwin ya buga, shi da Joseph Hooker suka shirya karanta takardun Darwin da Wallace ran 1 ga Yuli 1858. Duk da haka zancen asalin ɗan Adam ya tsaya masa a rai, littafinsa na 1863 ya ɓata wa Darwin rai saboda kewaye-kewayensa, bai kuwa sallama a fili ba sai a bugu na goma na babban littafinsa, a 1867 da 1868, yana da shekara saba'in, kuma ko a nan bai bar imaninsa cewa hankalin mutum yana da wani sha'ani na dabam ba. Ina ganin wannan jinkiri abin girmamawa ne, domin na mutumin da ya auna nauyin abin da zai sa wa hannu ne.

Abin da ya rage ga mai karatu shi ne ya san inda gardamar take. Mai goyon bayan Darwin da bai san Hutton da Smith ba taƙlidi yake yi, ko da ya kira kansa mai bin kimiyya. Mai suka kuma da ya tsaya ga zancen biri ya bar tushe ya kama ganye. Wanda ke son ya yi magana da ilmi a wannan babi, ko don tabbatarwa ko don raddi, wajibi ne ya fara amsa tambayoyi uku da masana duwatsu suka ajiye tun kafin 1859: me ya sa burbushin halittu ke zuwa a jeri ɗaya duk inda aka haƙa, ina jinsunan da suka ƙare suka tafi kuma daga ina magadansu suka zo, sa'an nan da wane dalili za a karɓi ƙiyasin jiya bisa yau a kan tsauni da kogi, a ƙi shi a kan abin da ke rayuwa a bisansu.